Yawon Keke Tsakanin Gonaki da Bakin Ruwa a Ƙasar Holan: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancinmu mun san Holan ne ta hanyar atamfa da madarar gwangwani, wasu kuma ta hanyar ƙwallon ƙafa. Amma wanda ya taɓa sauka a ƙasar, abin da ya fara cika masa ido shi ne keke. Mutanen ƙasar sun kai miliyan 18, kekunansu kuwa sun haura miliyan 22, wato keke ya fi mutum yawa. An tattara waɗannan tambayoyi ne domin ɗalibai da ma'aikata da matafiyan da suke zaune a Turai ko suke shirin zuwa, waɗanda suke sha'awar fita daga birni su yi wuni guda ko mako guda a kan keke, tsakanin gonaki da bakin ruwa, ba tare da fargabar mota ba.

Da gaske ne akwai hanyoyin da mota ba ta bi ko kaɗan?

Akwai su, kuma suna da yawa, domin hanyoyin da aka keɓe wa keke a ƙasar sun kai kimanin kilomita 35,000. Sai dai ya kamata mai shirin tafiya ya san cewa doguwar tafiya ba ta kasancewa a kan hanya iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Akwai hanyar keke zalla, wadda suke kira fietspad, wadda ake gane ta da zagayayyen allo shuɗi mai hoton farin keke, kuma a cikin gari yawanci kwaltarta ja ce. Akwai wadda ake tarayya da ƙananan babura, ita ma allonta yana nuna hakan. Sannan akwai ƙananan hanyoyin ƙauye masu ratsa gonaki, inda mota takan wuce jefi-jefi, galibi ta mai gonar ce ko tankar da ke zuwa ɗaukar madara, sai kuma tarakta. A cikin garuruwa ana samun titin da suke kira fietsstraat, inda aka rubuta a allo cewa mota baƙuwa ce, dole ta bi bayan mai keke a hankali.

Saboda haka wanda ya ce zai yi kilomita 60 bai haɗu da mota ko ɗaya ba, ya faɗi abin da ba lalle ya tabbata ba. Abin da ya tabbata shi ne ba za a haɗa shi da manyan motoci masu gudu a kan titi ɗaya ba, kuma zai iya shafe sa'a guda ba ya jin komai sai kukan tsuntsaye da motsin cen ɗin kekensa.

Me ya sa yawancin hanyoyin suke bin bakin ruwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin wanda ya fahimci amsarta ya fahimci ƙasar da yake ratsawa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Holan yana ƙasa da matakin teku, kuma wurin da ya fi zurfi, kusa da Rotterdam, ya kusa mita 7 a ƙasa da teku. Yawancin gonakin da ake gani a yammacin ƙasar da arewacinta a da can fadama ce ko tafki ko gaɓar teku. Sai mutane suka kewaye wurin da jinga, irin wadda manoman bakin kogin Haɗeja suke ɗagawa domin tare ambaliya amma mai girma da faɗi ƙwarai, suka janye ruwan da ke ciki, suka tsaga ƙasar da ƙananan magudanai domin ruwan sama ya riƙa taruwa ana fitar da shi. Irin wannan fili da aka ƙwato daga ruwa shi suke kira polder. Kowace jinga tana buƙatar hanya a kanta ko a gindinta domin masu duba lafiyarta, kuma waɗannan hanyoyi ne yau suka zama na masu keke.

A nan ne mutum yake ganin abin da sai ido ya gani hankali yake yarda. Yana tafe a kan jinga, a damansa ga ruwa cike da magudana har jirgi yana wucewa, a hagunsa kuma ga shanu suna kiwo a can ƙasa, rufin gidan manomi yana daidai da tayar kekensa. Ruwan ya fi gonar tudu. Abin da ya hana shi komawa inda ya fito shi ne jingar da kuma injinan da suke ɗaga ruwa daga gona su zuba a magudana, daga magudana zuwa kogi, daga kogi zuwa teku. A da injinan iska ne suke wannan aiki, kuma da yake guda ɗaya ba ya iya ɗaga ruwa fiye da kimanin mita ɗaya da rabi, sai a jera uku ko huɗu, wannan ya miƙa wa wancan. Da haka aka ƙafar da tafkin Beemster a 1612, aka yanka shi gona-gona masu kusurwa huɗu, kuma har yau hanyoyinsa a miƙe suke kamar an ja su da zare.

Akwai kuma hanyoyi na biyu, waɗanda asalinsu na dawakai ne. A ƙarni na 17 an haƙa magudanai tsakanin manyan garuruwa domin jiragen fasinja da doki yake ja daga gaɓa, kamar wadda aka buɗe tsakanin Amsterdam da Haarlem a 1632. Dokin yana buƙatar turba shimfiɗaɗɗiya a gefen ruwa, babu hawa babu gangara. Da jirgin ƙasa ya zo ya kashe wannan sana'a, turbar ta saura, kuma babu abin da ya dace da ita kamar keke.

Kula da yawancin wannan ruwa yana hannun hukumomin ruwa na yankuna, waɗanda wasunsu sun samo asali tun ƙarni na 13. Yau guda 21 ne, jama'a ne suke zaɓen wakilansu, kuma suna karɓar harajinsu na kansu. A ganina wannan shi ne abin da ya fi cancantar baƙo ya tsaya ya lura da shi, fiye da furanni da injinan iska da ake ɗauka a hoto, domin jinga ba ta amfanar kowa idan maƙwabci ya bar nasa ɓangaren ya zube.

Tun asali haka ƙasar take da hanyoyin keke?

A'a. Bayan yaƙin duniya na biyu motoci sun yi yawa, aka riƙa faɗaɗa tituna ana matse masu keke. A 1971 mutum kusan 3,300 suka mutu a haɗarin hanya, cikinsu akwai yara fiye da 400. Iyaye suka fito zanga-zanga da taken Stop de Kindermoord, ma'ana a daina kashe yara. A 1973 kuma aka shiga matsalar ƙarancin man fetur, har gwamnati ta hana hawa mota a wasu ranakun Lahadi. Ƙungiyar masu keke ta ƙasar, Fietsersbond, an kafa ta a 1975. Daga wannan lokaci ne aka dage da raba hanyar keke da ta mota, sannu a hankali, gari bayan gari.

Yaya mutum zai gane hanya idan bai iya harshen ƙasar ba?

Ba ya buƙatar harshen, lambobi kawai zai bi. An raba duk ƙasar zuwa mahaɗu, wato wuraren da hanyoyin keke suke gamuwa, kowace mahaɗa da lambarta, suna kiran su knooppunten. Wani injiniyan ma'adinai ɗan Beljiyam mai suna Hugo Bollen ne ya ƙirƙiro tsarin, aka fara amfani da shi a lardin Limburg na Beljiyam a 1995, daga can ya bazu zuwa Holan da wasu sassan Jamus.

Yadda ake yi shi ne, kafin a fita sai a duba taswira a zaɓi mahaɗun da ake son bi, a rubuta lambobinsu a jere a 'yar takarda, a manna ta a kan keke inda ido zai riƙa gani. A bakin hanya akwai ƙananan alluna farare masu koren rubutu, da lamba a cikin da'ira da kibiya. Mutum ya bi kibiyar lambarsa har ya isa, a can zai tarar da allo mai taswirar yankin da nisan da ke tsakanin mahaɗu, sai ya nemi kibiyar lamba ta gaba. Amfanin wannan tsari shi ne idan gajiya ta zo ko hadari ya haɗo, ana iya gajarta tafiya nan take ta hanyar sauya lamba ɗaya ko biyu. Abin lura guda shi ne lambobin ba su wuce 99 ba, saboda haka ana maimaita su daga yanki zuwa yanki, kuma a lokacin da ganye ya yi yawa allo yakan ɓuya a bayan reshe. Idan aka yi tafiya mai ɗan nisa ba a ga allo ba, komawa mahaɗar baya ya fi ci gaba da cinke.

Ban da lambobi akwai alluna masu sunayen garuruwa. Jan rubutu yana nuna hanya mafi kusa, kore kuma yana nuna wadda ta fi daɗin kallo ko da ta fi nisa. A daji da gonaki za a ga wasu gajerun alamu a ƙasa masu siffar laimar kwaɗi, waɗanda ƙungiyar matafiya ta ƙasar mai suna ANWB ta fara kafawa tun 1919. Ƙungiyar Fietsersbond kuma tana da manhajar tsara hanya a intanet kyauta.

Wace hanya ta dace da wanda zai fara, mai wuni ɗaya kawai?

Ga wanda yake Amsterdam, yankin Waterland ne ya fi sauƙi. A bayan babbar tashar jirgin ƙasa akwai jirgin fito kyauta da yake tsallakar da mutane da kekunansu zuwa arewacin birnin, kuma daga can cikin abin da bai kai rabin sa'a ba gine-gine sun ƙare, sai ciyawa da ruwa da shanu. Ana iya bi ta Durgerdam, ƙauyen da gidajensa na katako suke jere a kan jinga, a wuce Marken, wanda tsibiri ne har 1957 lokacin da aka haɗa shi da tudu, a biyo ta Monnickendam da Broek in Waterland a dawo. Zagayen yana tsakanin kilomita 40 da 50, gwargwadon mahaɗun da aka zaɓa. Aikin ƙarfafa jinga yakan sa a karkatar da hanya a wasu wurare, amma ana sa alamar inda za a bi.

Wanda yake Rotterdam ya nufi Kinderdijk. Akwai jirgin ruwa na haya da yake ɗaukar fasinja da keke daga birnin. A can akwai injinan iska 19, yawancinsu an gina su a 1738 da 1740, kuma hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1997. Turbar da ta ratsa tsakaninsu babu mota, sai dai da rana takan cika da 'yan yawon buɗe ido masu tafiya a ƙasa, don haka sammako ya fi. Shawarata ita ce kada a tsaya a nan kawai, a ci gaba zuwa cikin gonakin Alblasserwaard, inda cunkoson yake yankewa gaba ɗaya bayan 'yan kilomitoci.

Kogin Vecht tsakanin Utrecht da Muiden shi ma yana da kyau, da manyan gidajen da attajiran Amsterdam suka gina a ƙarni na 17 da na 18, amma wasu sassansa ana tarayya da motoci a kan ƙunƙuntar hanya.

Idan mutum yana da mako guda fa?

Akwai dogayen hanyoyi na ƙasa baki ɗaya da ake kira LF. Wadda ta fi dacewa da mai son gona da ruwa ita ce Zuiderzeeroute, mai kimanin kilomita 440, wadda take zagaye babban tafkin IJsselmeer. Wannan tafki a da wani ɓangare ne na teku, har sai da aka datse shi a 1932 da jingar Afsluitdijk mai tsawon kilomita 32, bisa tsarin injiniya Cornelis Lely. Ruwan gishiri ya koma ruwan daɗi, sannan aka riƙa ƙafar da sassansa: Noordoostpolder a 1942, gabashin Flevoland a 1957, kudancinsa a 1968, har Flevoland ta zama lardi mai zaman kanta a 1986. Mai keke a nan yana tafiya ne a kan abin da a zamanin kakannin mazauna wurin gindin teku ne, tsakanin gonakin dankalin turawa da albasa da alkama. A tsakiyar gonakin Noordoostpolder akwai wani ɗan tudu mai suna Schokland, wanda tsibiri ne a da, har yanzu ga tsohuwar tashar jiragensa amma ciyawa ce ta kewaye ta. Garin Urk shi ma tsibiri ne a da, kuma har yau masunta ne. A Lemmer akwai tashar famfon ruwa ta Wouda mai aiki da tururi, wadda aka buɗe a 1920, kuma har yanzu akan tayar da ita idan ruwa ya yi yawa.

Tun 2019 aikin gyaran Afsluitdijk ya sa an riƙa rufe hanyar keke ta kanta ana ɗaukar masu keke a bas, saboda haka a bincika halin da ake ciki kafin a tashi. Akwai kuma jirgin fito tsakanin Enkhuizen da Stavoren a watannin ɗumi, wanda yake ba mutum damar raba zagayen biyu.

Mai son ganin aikin ruwa mafi girma ya nufi lardin Zeeland a kudu maso yamma. A daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairu 1953 teku ta fasa jingogi ta kashe mutum 1,836 a ƙasar, abin da ya sa aka gina jerin madatsai, ciki har da ta Oosterschelde mai kimanin kilomita 9 da aka buɗe a 1986, wadda ake bi ta kanta da keke.

Tunda ƙasar shimfiɗe take, ke nan babu gajiya?

Akwai gajiya, kuma iska ce take kawo ta. Inda babu tudu babu daji, babu abin da zai tare iskar da take tasowa daga teku, kuma yawanci daga kudu maso yamma take kaɗawa. Na taɓa yin kuskuren fita da safe iska tana bayana, na yi nisa ina jin daɗi feda kamar ba ni nake takawa ba, sai da na juyo na gane abin da na yi. Tafiyar da na yi cikin sa'a ɗaya da rabi sai da ta ci mini sa'a uku a dawowa, ina duƙe a kan keke, ciyawar gefen jinga ta kwanta duk ta fuskanto ni, idanuna suna zubar da ruwa. Tudu yana da ƙarshe, idan ka hau za ka gangara, amma iskar fili ba ta da gangara.

Saboda haka a duba hasashen yanayi a daren da za a tashi, a lura da inda iska za ta fito. Idan zagaye za a yi, a fara da fuskantar iska tun da sauran ƙarfi, a dawo tana turawa. Idan tafiya ce ta kwanaki, a tsara ta daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Ga wanda bai saba ba, kilomita 40 zuwa 50 a wuni sun isa, wanda ya saba kuma yana iya yin 70 ko 80 ba tare da ya hana kansa tsayawa ba.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a shekara?

Daga Mayu zuwa Satumba. A watannin Yuni da Yuli da Agusta zafin rana yakan tsaya a wajen digiri 20 zuwa 23, ko da yake akan sami kwanakin da ya haura 30. Ruwan sama ba shi da lokaci, yana iya sauka a kowane wata, don haka rigar ruwa ba ta barin jaka. Mai son ganin gonakin furen tulip ya zo daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, ya bi tsakanin Haarlem da Leiden ko ya tafi Noordoostpolder, amma ya zo da rigar sanyi da safar hannu, domin wanda ya taso a ƙasar zafi zai ji safiyar Afrilu kamar tsakiyar hunturu.

Wane irin keke ake buƙata?

Keken gari na yau da kullum mai giya uku zuwa bakwai ya wadatar, kuma ana samun haya a kusa da yawancin manyan tashoshin jirgin ƙasa. Abu ɗaya da ya kamata a tambaya tun a shago shi ne birki, domin da yawa daga kekunan ƙasar ba su da birkin hannu, sai an mayar da feda baya suke tsayawa, kuma wanda bai saba ba yana iya ruɗewa a lokacin da yake buƙatar tsayawa da gaggawa. A nemi mai birkin hannu. A daidaita sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa idan feda tana ƙasa, domin sirdin da ya yi ƙasa shi yake kawo ciwon gwiwa. Kaya a sa su a jakunkunan da ake ratayawa a kariya, kada a goya a baya. Keke mai batir, wanda yake taimakawa har zuwa gudun kilomita 25 a sa'a, yana rage wahalar iska ƙwarai, musamman ga dattawa. Satar keke kuwa ta yi yawa a birane, saboda haka ban da makullin da ke jikin tayar baya a ƙara da sarƙa a ɗaure shi a jikin ƙarfe.

Waɗanne dokoki ne baƙo ya fi yawan karyawa?

Ana tafiya a dama, a wuce mutum ta hagunsa bayan an kaɗa ƙararrawa. Kafin a juya a miƙa hannu a nuna. Tun 1 ga Yuli 2019 an haramta riƙe waya a hannu ana tuƙa keke, kuma akwai tara, don haka mai bin taswirar waya ya ɗaure ta a jikin keke. Da dare dole a kunna fitila fara a gaba da ja a baya. Idan aka ga jerin fararen alamu masu kusurwa uku a kan kwalta, tsininsu yana kallon mai zuwa, to shi ne zai tsaya ya ba da hanya. Inda babu wata alama, wanda ya fito daga dama shi ke da hanya. Mutum biyu suna iya jerawa idan ba su tare wa kowa hanya ba. Hular kwano ba dole ba ce ga keken yau da kullum, amma ina ganin ya dace baƙo ya sa, yara kuma lalle a sa musu. Kuskuren da ya fi jawo haɗari shi ne tsayawa kwatsam a tsakiyar hanya domin ɗaukar hoto, alhali akwai masu zuwa a baya.

Yaya ake tsallake ruwa inda babu gada?

Da ƙananan jiragen fito da suke kira pontje, kuma suna cikin abubuwan da suke sa tafiyar daɗi. Wasu suna da matuƙi, a biya shi kuɗi kaɗan. Wasu kuwa babu kowa a cikinsu, wani faffaɗan dandamali ne a ɗaure da sarƙa daga gaɓa zuwa gaɓa. Idan yana wancan ƙetaren sai ka murɗa wani ƙarfe a gaɓa ka jawo shi, ka tura kekenka ciki, ka sake murɗa na cikinsa, sarƙar tana fitowa daga ruwa tana ɗiga da gansakuka, har ka isa. Da yawa daga waɗannan jirage ba sa aiki sai a watannin ɗumi, kuma suna tashi daga aiki da yamma, don haka a tabbatar da lokacinsu, domin rasa fito yana iya ƙara wa mutum kilomita goma. Gadoji kuma da yawa ana ɗaga su domin jirgi ya wuce, idan ƙararrawa ta kaɗa sanda ta sauko sai a jira.

A ina ake kwana?

Doka ta hana kafa tanti a inda mutum ya ga dama. Akwai sansanonin kwana masu yawa, kuma mafi daɗinsu su ne ƙanana da manoma suke buɗewa a bayan gidajensu. Akwai kuma gidauniyar Vrienden op de Fiets, wadda aka kafa a 1984, mai dubban gidajen mutane da suke sauke masu tafiya a keke ko a ƙasa, su ba su ɗaki da karin kumallo a kan kuɗi mai sauƙi. Sai an yi rajista, kuma sai an kira mai gida tun da wuri. Wanda ya sauka a irin wannan gida baƙo ne ba ɗan haya ba, ya isa a lokacin da ya yi alkawari, domin mutanen ƙasar ba sa wasa da lokaci.

Batun abinci da salla fa?

A kusan kowane babban gari akwai masallaci da shagunan Turkawa da 'yan Maroko masu sayar da naman halal, amma a ƙauyuka da wuya a samu, saboda haka a yi guzuri daga gari. Burodi da cuku da madara da 'ya'yan itace suna ko'ina, a garuruwan masunta kuma akwai soyayyen kifi da suke kira kibbeling. A kula da kalmomin varken da spek da ham a jikin kaya, duk naman alade suke nufi. Ruwan famfo ana shan sa. A wasu garuruwa masu riƙo da addinin Kirista sosai, irin su Urk, shaguna a rufe suke ranar Lahadi. Wasu shaguna kuma ba sa karɓar tsabar kuɗi sai kati.

Alƙibla tana kudu maso gabas. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, kuma gari yana wayewa tun kafin ƙarfe 5, saboda haka tsakanin isha da asuba ɗan lokaci ne, mai tafiya ya tsara barcinsa da wannan a zuciya. Wurin shimfiɗa darduma ba ya wuya a gefen jinga, sai dai a kauce daga kan hanyar keke.

Ana iya shiga gonakin?

Ba a shiga sai inda aka sa alamar izini. Gonar fure musamman, takalmi yana iya kai mata cuta, kuma abincin wani ne. Siririyar wayar da ta kewaye makiyaya sau da yawa akwai lantarki a jikinta. Idan hanya ta ratsa garken tumaki a kan jinga, a rufe ƙofa bayan an wuce. A bakin gidajen gona akan ga ɗan akwati ko rumfa da ƙwai ko dankali ko zuma, an rubuta farashi, babu mai tsaro, mai saye ya ɗauka ya ajiye kuɗin.

Daga Maris zuwa Yuni tsuntsaye suna ƙwai a cikin ciyawa, don haka ba a son hayaniya ko ratse. Cikinsu akwai wani mai dogon baki da dogayen ƙafafu da suke kira grutto, wanda suka zaɓa tsuntsun ƙasa a 2015. Bayan lokacin ƙwai ya wuce yakan yi ƙaura, da yawansu har Afirka ta Yamma, su yi watanni a gonakin shinkafa na Senegal da Gini Bisau kafin su koma.

Idan taya ta yi faci ko ƙarfi ya ƙare a hanya fa?

A ɗauki famfo da kayan faci, domin a ƙauye babu mai faci a gindin bishiya, shagon gyaran keke kuma yakan rufe da yamma da ranar Lahadi. Cire tayar baya ta keken Holan yana da wuya saboda murfin cen, don haka a koyi yin faci ba tare da an cire ta ba. Idan abin ya gagara, tashar jirgin ƙasa ba ta cika yin nisa ba. Ana shiga da keke bayan an saya masa tikitinsa, amma a ranakun aiki ba a yarda ba daga 6:30 zuwa 9:00 na safe da kuma daga 4:00 zuwa 6:30 na yamma, sai a watannin Yuli da Agusta. Lambar kiran gaggawa ita ce 112.

Ana iya tafiya da yara?

Ana iya, kuma shagunan haya suna da kujerun yara da kekuna masu akwati a gaba. Abin da ya kamata iyaye su sa wa ido shi ne ruwa, domin yawancin magudanai ba su da shinge, gaɓarsu tana da santsi, kuma wani koren tsiro yakan rufe fuskar ruwan har yaro ya ɗauka ciyawa ce. Yaran ƙasar ana koya musu iyo tun suna ƙanana, har da tufafi da takalmi a jikinsu, saboda irin wannan faɗuwa. Yaron da bai iya iyo ba a sa shi ta ɓangaren gona, babba ya kasance tsakaninsa da ruwa, kuma a jirgin fito a sauke shi daga keke a riƙe hannunsa har a tsallake.